Na Yi wa Idona Rowar Ruwa

Da ido ɗaya nake rubuta wannan, na hagu, don haka in layi ya karkace a yi mini uzuri. Sunana Ramatu. Aikina duba jini da kaki a labo, wato ɗakin gwaji na wani ƙaramin gidan likita da ke bisa dutse tsakanin Buza da Keita. Ba zan faɗi sunan garin ba, don mutanensa ba su yi mini komai ba sai alheri. Abin da ya same ni da hannuna na jawo shi, kuma ina so duk mai taɓa kwalbar asid ya ji yadda aka yi.

Ni 'yar Madawa ce. Shekara uku ke nan da aka turo ni garin, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ɗaya bayan likitar, wato asibitin namu. Mijina Asumanu yana Abijan yana sayar da takalma, sai shekara ta zagayo yake zuwa, wani lokacin ma ta zagayo ta wuce bai zo ba. Mahaifiyata ta rasu tun ina lakwal, wato makarantar boko. Abokin hirata a garin mutum ɗaya ne, Baba Illa mai gadi, tsoho mai tsokana, wanda ya ce in dai ban yi ƙiba ba to albashina wani yake ci. Shi ke ɗebo mana ruwa. Da ya sallame asuba sai ya kora jakinsa zuwa rijiyar da ke cikin kwari, ya dawo da hantsi da bido huɗu, wato manyan jarkokin roba. Ruwan nan shi ne na ɗakin haihuwa, shi ne na wankin miki, shi ne na labo, shi ne na alwalarmu.

Wanda bai zauna wannan yanki na Adar ba zai yi mamakin yadda muke riƙon ruwa. Ƙasarin gero ba a zubarwa, na awaki ne. Ruwan alwala a tara shi a kwano a kai gindin icce. Yarinya ta kifar da moɗa guda, ranar sai kunnenta ya yi zafi. Haka aka rene ni, kuma har na yi karatu na sa farar riga halin bai bar jikina ba.

Cikin aikina akwai duba kakin masu tarin fuka. Ana shafa kakin a ɗan gilashi, a zuba masa jan launi, a wanke da asid, a ƙara shuɗi, sannan a sa ido a mikroskop, madubin ƙara girman abu, a nemi ƙwayar cutar. Asid ɗin sunansa sulfurik. Da cikakken ƙarfinsa yake zuwa mana, mu ke sirka shi da ruwa. In ka gan shi sai ka rantse ruwa ne, sai dai yana da kauri kamar man gyaɗa, ya fi ruwa nauyi, kuma ba shi da wani wari da zai gargaɗe ka. Ɗigo ɗaya ya faɗa wa zane, gobe ka tarar da huda. Ya taɓa takarda ta yi baƙi ƙirin. Ƙa'idarsa guda ce, kuma ranar farko ake koya mana: asid ake zubawa cikin ruwa, kaɗan-kaɗan, ba a zuba ruwa cikin asid. In aka juya, nan take yake ɗaukar zafi ya tafasa ya yi tsartuwa. Na san wannan, har maki na ci a kansa a jarrabawa.

Ranar Talata ce a ƙarshen bazara, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Majo, shugaban likitarmu, ya fita allurar rigakafi ƙauyuka da mabuɗin farmasi a aljihunsa. Wata mata tana naƙuda a ɗakin haihuwa, ungozoma na kanta. Rijiya ta ja baya, bido biyu kaɗai Baba Illa ya samo, ɗaya ya riga ya ƙare, ɗayan an ajiye shi a ƙofar mai naƙuda.

Na auna asid na sirka shi yadda ya kamata. Sai na ga saura a gindin kwalbar, kamar yatsa biyu, bai kai awo ɗaya ba. Sabuwar kwalba kuwa sai ranar da Allah ya kawo ta. Hannuna ya yi abin da ya saba yi da kwalbar mai a madafa: na ɗan zuba ruwa a ciki don in ɗauraye in haɗa da wancan. Ban tsaya nan ba, na kai idona na dama bakin kwalbar in ga ko ya haɗu, yadda nake leƙa mikroskop. Tabaran kariyata yana rataye a ƙusa, don da zafi gumi yake sa shi ya yi hazo.

Na ji cuuu, irin ta ruwa a tafasasshen mai. Daga nan sai wuta a idona da kuncina. Ban san ina da irin muryar da na yi ihu da ita ba.

Baba Illa ne ya fara zuwa, da butar alwalarsa a hannu. Na durƙusa a bakin ƙofa na buɗe idon da yatsu, ya tsiyaya mini. Kafin in ji wani sauƙi buta ta ƙare. Na ji ya ruga, na ji ya dawo yana jan abu mai nauyi a ƙasa.

"Madam, buɗe in ƙara."

"Wane ruwa na wanga?"

"Na ɗakin haihuwa na."

A daidai lokacin matar ta yi wani nishi da ya ratsa bango. Na ce, "Maida shi, Baba. Ya isa hakanan."

"Ɗiyata, idon ga hwa ya yi ja. Bari in zuba ko kaɗan."

"Na ce ya isa! Mai naƙuda da mi za a wanke ta? Ni na san aikina."

Ya ja bidon ya mayar. Ni kuma na jiƙa gefen kallabina da ɗigon da ya rage a buta, na danne idon, na zauna ina jiran Majo. Sai bayan la'asar ya dawo. Da ya ga fuskata bai ko kafe babur ɗinsa da kyau ba. Ya buɗe farmasi ya kwarara mini ruwan serum, irin na ƙarin ruwa, leda bayan leda, yana faɗa da ni, yana faɗa da mabuɗin da ya tafi da shi. Washegari da sassafe ya goya ni zuwa Buza, daga can na shiga mota zuwa asibitin da ke da likitan ido.

Inna Ai, ƙanwar mahaifiyata, ita ta taho daga Sabon Gida ta tarye ni a tasha da tabarmarta da ƙullin garin fura. Muka sami layi ya kai bakin ƙofa, yawanci tsofaffi masu yanar ido. Ni da na saba in leƙo in ce wa mutane su yi haƙuri, ranar na san nauyin kalmar nan a kunnen wanda ke kan benci. Haske ma ciwo yake yi mini, na lulluɓe kaina da mayafi tun safe har aka kira azahar.

Likitan mutum ne marar yawan magana. Ya haska idon, ya daɗe yana kallo.

"Mene ne ya shiga?"

"Asid sulfurik."

"Kin wanke?"

"Na wanke."

"Lita nawa?"

Na ce, "Buta ɗaya."

Ya ajiye alƙalaminsa. Ya ce, "Madam, mafi ƙaranci minti ashirin ne, ido a buɗe, ruwa na gudu a kansa. Ko na rijiya ne, ko na randa, ko wanda jaki ya sha ya rage. Ba a jiran mai tsabta, ba a jiran likita. Kin fi ni sanin haka."

Ya ce gilashin da ke rufe da baƙin idona ne ya ƙone, kuma sai nan da wasu makonni za a san ko zai washe. Na tambaye shi ko zan sake duba mikroskop da idon. Ya ce in fara da shan magani. Ya rubuta mini maganin ɗigawa na kowace awa, da na shafawa, da ƙwayar rage zafi, aka yi wa kuncina fansama, wato aka wanke ƙunar aka rufe da bandeji. Maganarsa duka na ji ta, amma "lita nawa" ita ce ta biyo ni har ɗakin da muka sauka, a gidan wani ɗan garinsu Inna Ai.

Makon farko ban san komai ba sai raɗaɗi. Idon ya kumbura ya rufe, yana zubar da ruwa ba tsayawa, kamar an cusa mini yashi mai zafi a ciki. Inna Ai ba ta san agogo ba, amma da inuwar katanga da kiran salla ta riƙe lokutan magani, ba ta taɓa kuskure ba. Hannun da ya shekara hamsin yana sa kwalli ba ya rawa. Ta buɗe fatar idon da yatsa ɗaya, ɗigo ya sauka daidai inda ake so. Allah ya saka mata da alheri.

Amma Inna Ai ba ta zo da hannu kaɗai ba, da shawara ta zo, kuma matan gidan suka taya ta. Wannan ta ce nonon mai shayarwa, waccan ta ce zuma, wata ta kawo kwalli wai daga Makka. Na ce rubutu zan sha, tofi a yi mini, amma babu abin da zai shiga idon nan sai na likita. Wata rana da hantsi na farka daga gyangyaɗi na ga Inna tsaye a kaina da cokali.

"Inna, mi na na?"

"Nono na, na maƙwabciyarmu. Ɗumi gare shi."

"Ba ni so."

"Ke da kinka yi boko, ba ga shi bokon ya ci miki ido ba? Mu da ba mu yi ba namu biyu na nan."

Na yi dariya har idon ya soke ni, sannan na yi kuka, don ban ga ƙarya a maganarta ba. Ta shanye nonon da kanta don kada a yi asara.

A mako na biyu kumburi ya sauka. Maganin kuwa ba ya jira, kwalba 'yar mitsitsiya kwana kaɗan ta ƙare, har tumakin da na ba da kiwo suka bi ta farmasi. Asumanu ya aiko da abin da ya samu, ba zan ci hakkinsa ba. Yana turo saƙon murya, ni kuma ina maimaita saurare har batir ya mutu, don in ji muryar wani nawa a ɗakin. Ya ce in yi haƙuri, kasuwa ba ta barin mutum, da layya zai zo. A saƙo na huɗu ko na biyar sai ya ce, "To, wai idon zai nuna?" Wannan saƙon sau ɗaya na saurare shi.

Majo yana kira. Ungozoma ma ta kira ta ce matar ta sauka lafiya, an sami namiji. Mutum ɗaya ne bai kira ba, Baba Illa. Ba shi da waya, na sani, amma kullum yana zaune taku goma daga teburin Majo. In na ce a ba shi, sai a ce ya tafi rijiya, ko ya zagaya, ko yana gaishe ni. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Mutumin da muke raba goro da shi shekara uku, a ce ko sannu ba zai iya yi mini da bakinsa ba. Na ƙulle shi a zuciya, na ce ashe hirar tamu ta zaman banza ce.

A mako na uku ruwan farko ya sauka. Tun da Inna Ai ta ji ƙamshin ƙasa na ga hankalinta ya bar ɗakin. Da safe ta naɗe tabarmarta ta zauna a bakin katifata.

"Ɗiyata, in ban yi shibka cikin kwana biyun ga ba, bana mun shiga uku. Maigidana ya tsuhwa, ba shi iyawa shi ɗai."

Me zan ce? Gonar nan ita ce abincinsu na shekara. Na ce ta gaida gida. Ta koya wa matar gidan ɗiga magani, amma matar tana da 'ya'ya shida da tallan ƙosai, sau biyu ta yi ta manta. Na koma yi da kaina. Mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu, sai in matsa kwalba in ji maganin yana gangarowa ta kunnena. Haka zan zuba shayi a gefen kofi, in taka dokin ƙofa inda babu shi. Yini guda zai wuce ban yi magana da kowa ba sai amsa sallama. Ban taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, har na riƙa ɗokin ranar komawa asibiti don in zauna a layi cikin mutane.

Wata ranar Alhamis da azahar aka yi ruwa mai ƙarfi. Na tsaya a ƙofa ina kallon indararo yana kwarara a tsakar gida, ruwa yana bin rariya yana fita titi, ba mai tara shi, ba mai faɗa. Ban san lokacin da na fita na sa fuskata a ƙarƙashinsa ba. Na daɗe a wurin ina kuka, matar gidan tana leƙena ta taga, ta ɗauka ciwon ya taɓa mini kai.

Mako na huɗu da na biyar zafin ya yi ta raguwa, ni kuma na ɗauka sauƙi ne. Kowace safiya sai in rufe idon hagu da tafin hannu in juya wajen ƙofa. Ina ganin haske, ina ganin inuwar hannuna in na kaɗa shi, amma yatsu ba sa rabuwa. Sai in ce gobe za su rabu.

A mako na shida likita ya haska idon, ya kashe fitilarsa, ya ce hakiya ta rufe baƙin, kuma ba irin wadda magani ke wankewa ba ce. Ya ce akwai aikin da ake yi a manyan asibitoci na nesa, amma idona bai kai a yi wannan maganar ba yanzu, wataƙila ma ba zai kai ba. Na ce, "Aikina fa?" Ya ce, "Mikroskop bai san ido nawa ke kallonsa ba. Ki koya wa na hagu. Amma tabarau kada ya sake barin fuskarki, don yanzu ba ki da na canji." Na gode masa, na fito na sayi ƙaramin madubi a bakin asibiti. Farin tabo ne a tsakiyar baƙin, kamar ɗigon nono. Na aika wa Asumanu amsar tambayarsa, na ce e, zai nuna.

Ga abin da nake roƙon duk mai aiki da irin wannan ruwa, a labo ne, ko wurin masu cajin batir, ko mata masu dafa sabulu da soda. Saura a gindin kwalba ba man miya ba ne, kada a ɗauraye shi. Kada a leƙa bakin kwalba. Tabarau ya yi hazo a goge shi a mayar. Kafin a buɗe murfi a tabbata ruwa mai yawa yana kusa da hannu, in babu a bar aikin sai gobe. In kuwa tsautsayi ya faɗa, a cire tufar da ya jiƙa, a yi ta zuba ruwa, kada a tsaya neman nono ko mai ko toka. Wanda ya ƙone ɗin ma in ya ce ya isa, kada a saurare shi.

Na koma bakin aiki gero ya kai gwiwa. Mata suka yi ta zuwa barka, suna kallon idon suna kawar da kai. Baba Illa kuwa da ya hango ni sai ya sami aikin yi a bayan jakinsa. Kwana biyu muna haka. A na uku na tare shi a gindin bedi, wato dogon yaro, da ke ƙofar likita.

"Baba, mi na yi maka? Wata biyu ko sannu?"

Bai dube ni ba. Ya ce, "Taho ki gani."

Ya kai ni magaza, ɗakin da muke ajiye tarkace, ya ɗage wani tsohon buhu. Bido ne rawaya, an ɗaure murfinsa da tsumma.

"Shi na. Na ranan nan."

Ban gane ba sai da ya ci gaba. "Ungozoma ko rabi ba ta taɓa ba. Da marece na ishe shi nan ƙohwa. Na kasa ba jaki, na kasa alwala da shi, na kasa zubarwa. Kullum in na gane shi sai in ce, Illa, kai ad da hurhura, mi ya sa ka ji maganar yarinya? Da wane baki za ni gaishe ki?"

Na kama hannun bidon na ɗaga. Da ƙyar ya bar ƙasa.

Na ce ya ɗauko butarsa. Muka fito da bidon gindin bedi, na zauna a kan dutse na buɗe agogon wayata. Na ce ya cika buta ya tsiyaya a hankali, yadda ya yi mini ranar, in ta ƙare ya sake cikawa. Ya durƙusa ya fara.

Matan da ke jiran awo suka tsaya suna kallon ruwa yana bin ƙasa. Wata tsohuwa ta ce, "Madam, lahiya?" Na ce lafiya lau. Minti biyar ya wuce, goma ya wuce. Duk sanda buta ta ƙare sai Baba Illa ya ɗago ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, yana jira in tsayar da shi. Agogo ya nuna minti ashirin, na girgiza bidon na ji har yanzu da saura a ciki.

"In bari?" in ji shi.

Na ce, "Zuba, Baba."

Ya ci gaba da zubawa har ɗigon ƙarshe, ni kuma ban ce ya isa ba.